Yadda Ake Karanta Alamomin Furotin a Sankarar Ƙashi, Daga Gwajin Jini Zuwa Zaɓen Magani

Sau da yawa abin da ke fara tayar wa mutum hankali game da ciwon ƙashi shi ne wata lamba a takardar gwajin jini da aka ja wa layi, musamman idan an rubuta ALP, sunan wani furotin da ake aunawa a jini, a gefenta kuma ta wuce iyakar da aka buga. Wani ya ga lambar ta hau sai ya yanke wa kansa hukuncin sankara, wani kuma ya ga ba ta hau ba sai ya saki jiki, alhali ƙafar ɗansa na ci gaba da kumbura. Dukansu biyun sun ɗora wa furotin ɗaya nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Kowane furotin da ake aunawa a wannan fanni tambaya guda ce yake amsawa, kuma amsar ba ta da amfani sai an yi tambayar a lokacinta, bayan an gama da wadda ta gabace ta. Wannan jagora zai bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, domin ɗalibin kiwon lafiya da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da mai jinya su san abin da kowane sakamako yake faɗa da inda maganarsa ta tsaya.

Mataki na farko: sanin zancen da ƙashi ke yi da kansa

Ƙashi abu ne mai rai, kuma a jikin baligi ana sabunta kimanin kashi 10 cikin 100 nasa kowace shekara. Aikin yana hannun ƙwayoyin halitta iri biyu, wato magina, waɗanda ke shimfiɗa sabon ƙashi, da marusa, waɗanda ke narkar da tsohon. Ba sa aiki kara-zube, domin akwai saƙo da ke kai-komo a tsakaninsu, kuma saƙon furotin ne. Magina suna fitar da furotin mai suna RANKL, shi kuma ya je ya manne a makarɓinsa mai suna RANK da ke jikin marusan da ba su gama girma ba, mannewar ce ke ba su umarnin su haɗu, su balaga, su fara rusau. Magina ɗin dai su ne ke fitar da wani furotin mai suna OPG, wanda ke tare RANKL a hanya ya riƙe shi kafin ya isa inda aka aike shi. Idan RANKL ya rinjayi OPG ƙashi ya zaizaye, idan OPG ya rinjaya ƙashi ya yi kauri. An gano waɗannan furotin a shekarun 1997 da 1998, kuma gano su ya canza yadda ake fahimtar kusan duk cutar da ke cin ƙashi. Akwai kuma hanyar saƙo ta biyu da ake kira Wnt, wadda ita ce ke zaburar da magina su yi aiki.

Wanda ya riƙe wannan hoton a ransa zai ga cewa yawancin alamomin da ake aunawa a jini sawun magina ne ko sawun marusa, ba sawun ƙarin da kansa ba. Daga nan ne kusan duk kuskuren fassara ke tasowa.

Mataki na biyu: shekaru da wuri da hoto, kafin a duba jini

Kafin a buɗe takardar gwajin jini, a tambayi shekarun mara lafiya da inda ciwon yake. Ostiyosakoma, wadda ita ce ta fi yawa cikin sankarar da ke tsirowa daga ƙashi, ta fi kama matasa a lokacin da tsayi ke ƙaruwa da sauri, kuma ta fi son ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri a kewayen gwiwa, sai saman ƙashin damtse. Sakomar Ewing (sakoma ita ce sankarar da ke tsirowa daga ƙashi ko tsoka da makamantansu), wadda likita James Ewing ya bayyana a 1921, ita ma ta yara da matasa ce, tana fitowa a tsakiyar dogayen ƙasusuwa ko a ƙugu ko a haƙarƙari. Sankarar guringuntsi ta fi zuwa wa manya. Idan kuwa mutum ya haura shekara 40 aka ga rami a ƙashinsa, abin da ya fi yiwuwa shi ne sankara ce da ta taso daga wani wuri, kamar mama, huhu, ƙoda, tayirod ko furostet, ko kuma mayeloma ce, wato sankarar ɓargo. Hoton eksire shi ne farkon abin nema, sannan MRI na ƙashin gaba ɗaya daga gaɓa zuwa gaɓa, da CT na ƙirji, domin huhu ne wurin da sakomar ƙashi ta fi tsallakawa. Kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na masu ostiyosakoma ana samun cutar ta riga ta bazu a ranar da aka gano ta. Waɗannan bayanai ne za su nuna wane furotin ya dace a auna.

Mataki na uku: gwajin jini da tarkon da ke cikinsa

A fara da ALP. Magina ne ke fitar da shi yayin da suke aiki, amma hanta ma tana fitar da shi, haka nan mabiyiya a ƙarshen juna biyu. A ɗauka yaro ne ɗan shekara 14 da ciwon gwiwa, aka auna ALP aka ga ya ninka iyakar manya sau biyu. Wannan kaɗai bai nuna komai ba, domin yaron da ke cikin ganiyar girma lafiya lau yana iya kai haka ko ya wuce, saboda maginansa na aiki dare da rana. Abin yi na farko shi ne a duba ko iyakar da aka buga a takardar ta shekarunsa ce ko ta manya. Na biyu, a auna wani furotin mai suna GGT, wanda ke hawa idan matsalar daga hanta ko hanyar matsarmama take, amma ba ya hawa saboda ƙashi, ko kuma a nemi ɓangaren ALP na ƙashi zalla inda ake da halin yi. Na uku, a tuna da sauran abubuwan da ke ɗaga shi, kamar karaya mai warkewa, laushin ƙashi na ƙarancin bitamin D da cutar Paget ta tsofaffi. A ɗaya gefen kuma, mutane da dama masu ostiyosakoma ALP ɗinsu daidai yake, saboda haka sakamako mai kyau ba dalili ba ne na jinkirta hoto ko ɗebo nama. Amfaninsa na gaskiya yana zuwa bayan an tabbatar da cutar: idan ya yi yawa tun farko, alama ce ta cewa ƙarin na da girma ko ya bazu, kuma ya zama ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi.

Wani furotin da ake aunawa, mai suna LDH, ya fi ALP rashin zaɓe, domin kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki na ɗauke da shi, kuma yana malalowa cikin jini duk inda ƙwayoyi ke mutuwa da yawa. A sakomar Ewing da ostiyosakoma, yawansa a farko yana tafiya da nauyin cutar. Sai dai a nan hannun mai ɗibar jini na iya ɓata komai. Idan aka ja jinin da ƙarfi ta siririyar allura, ko aka girgiza kwalbar, ko aka bar ta ta daɗe kafin a tace, jajayen ƙwayoyin jini za su fashe su zubar da LDH nasu, kuma za a ga ruwan da ya kamata ya fito fatsi-fatsi kamar ruwan ɗorawa ya yi ja-ja a saman kwalbar. Duk ma'aikacin da ya ga wannan launi ya kamata ya nemi sabon samfur, kada ya fitar da lambar. Haka kuma idan aka yi kuskuren zuba jinin a kwalba mai murfi shuɗi-ja, wadda ke ɗauke da EDTA mai hana jini daskarewa, sinadarin zai kama zink da magniziyam da ALP ke buƙata, sai sakamakon ya fito ƙasa da gaskiya, kalsiyam ma ya faɗi. A ganina waɗannan ƙananan abubuwa sun cancanci kulawa daidai da manyan na'urori, domin hukuncin da za a yanke a kan gaɓar mutum yana iya farawa daga kwalba ɗaya.

Kalsiyam kuwa a karanta shi tare da albumin, babban furotin na ruwan jini, domin kusan rabinsa a jini manne yake da furotin, kuma idan albumin ya yi ƙasa lambar kalsiyam za ta ɓoye hawan da ya yi. Hawan kalsiyam tare da ƙishirwa, yawan fitsari, bushewar ciki ko ruɗewa abu ne na gaggawa.

Ga babban mutum mai rami a ƙashi, dole a nemi alamomin mayeloma, kuma a nan ne fahimtar saƙonni ke nuna amfaninta ƙarara. Ƙwayoyin mayeloma suna zuga marusa ta hanyar RANKL, a lokaci guda kuma suna fitar da furotin mai suna DKK1 da ke toshe hanyar Wnt, wato suna ɗaure hannun magina. Sakamakon haka ƙashi na rushewa ba tare da gini ba, shi ya sa ALP yakan fito daidai ko da ƙasusuwan sun cika da ramuka, kuma hoton ƙashi na sinadarin nukiliya, wanda ya dogara da aikin magina, yana iya fitowa babu komai. Abin da ake nema shi ne furotin guda da ƙwayoyin ke ta kwafa, ta hanyar rarrabe furotin na jini da lantarki, da auna ƙananan sarƙoƙin garkuwa masu yawo a jini, waɗanda idan sun fito a fitsari ake kira furotin na Bence Jones, da sunan likitan Ingila da ya bayyana shi a 1847. Tsinken gwajin fitsari na yau da kullum albumin yake gani, saboda haka yana iya rasa su. Bayan an tabbatar da cutar, ana sanya ta a matakin tsanani da furotin mai suna beta-2 maikurogulobulin da albumin: beta-2 ƙasa da miligiram 3.5 a lita tare da albumin na giram 3.5 a desilita ko fiye shi ne mataki na ɗaya, miligiram 5.5 ko fiye kuma mataki na uku. Ga namiji babba a haɗa da PSA, furotin da furostet ke fitarwa, domin sankarar furostet idan ta shiga ƙashi ta fi zuga magina, sai a ga ƙashi ya yi fari fat a hoto kuma ALP ya hau sosai.

Akwai kuma P1NP, ɓurɓushin da ke fita yayin da ake ƙera sabon kolajin, wato zaren furotin na ƙashi, da CTX, ɓurɓushin da ke fita yayin da marusa ke narkar da shi. Ba a gano sankara da su, suna nuna saurin gini da rusau ne kawai. CTX yana hawa da dare ya sauka da rana, kuma cin abinci na sauke shi, don haka da safe ake ɗibar jininsa kafin a karya kumallo.

Mataki na huɗu: ɗebo nama yadda furotin ba zai lalace ba

Babu gwajin jinin da ke tabbatar da sakomar ƙashi, sai an ɗebo nama daga ƙarin. Ƙa'idar da ba a sassautawa ita ce a yi wannan a cibiyar da za ta yi babbar tiyatar, ko da shawarar likitan da zai yi ta, domin hanyar da allura ta bi ana ɗaukarta a matsayin gurɓatacciya kuma ana yanke ta tare da ƙarin. Allurar da aka soka ta gefen da bai dace ba tana iya jawo a rasa gaɓar da da za a iya ceto. Bayan an ɗebo, naman ƙashi yana da tauri, sai an cire masa kalsiyam kafin a iya yanka shi siriri. Asid mai ƙarfi yana yin aikin da sauri amma yana ƙona furotin da ƙwayoyin gado, har gwajin da za a yi daga baya ya fito babu komai alhali akwai. EDTA yana ɗaukar kwanaki, amma yana barin su lafiya. Saboda haka a rubuta a takardar rakiya cewa ana zargin sakoma, a ware ɓangare mai laushi da ba za a sa wa asid ba, a kuma haɗa da hotuna da shekaru da jerin magungunan da mara lafiya ya riga ya sha.

Mataki na biyar: rinin furotin a ƙarƙashin madubin likita

Likitan binciken nama yana fara duba siffar ƙwayoyin da rini na gama-gari, sannan ya zaɓi rini na musamman, wanda a cikinsa akwai garkuwar da ke manne wa furotin guda ta bar launin ƙasa-ƙasa a inda yake. Wurin da launin ya zauna yana da muhimmanci kamar samuwarsa. A sakomar Ewing, ƙwayoyin ƙanana ne masu zagaye, cunkushe da juna, kuma rinin CD99 yana zana wa kowace ƙwaya zobe a bangonta, har fuskar gilashin ta yi kama da saƙar zuma. Amma CD99 yana fitowa a wasu cututtukan, ciki har da wani nau'in limfoma, wato sankarar fararen ƙwayoyin jini, na yara wanda maganinsa daban ne, shi ya sa ake ƙarawa da NKX2.2, kuma a tabbatar da gwajin ƙwayoyin gado. A kimanin kashi 85 cikin 100 na masu wannan cuta, kuromosom na 11 da na 22 sun yi musayar yanki, sai ƙwayar gado ta EWSR1 ta haɗe da FLI1 suka haifar da baƙon furotin da ke kunna ɗaruruwan umarni ba bisa ƙa'ida ba. An bayyana wannan haɗewa a 1992.

Ostiyosakoma ba ta da rini nata na kanta. Ana gane ta ne idan aka ga mugayen ƙwayoyi suna shimfiɗa ɗanyen ƙashi da kansu. Rinin SATB2 yana nuna cewa ƙwayoyin daga zuriyar magina suke, amma ba ya bambance mugu da mai lafiya. A nau'o'inta masu tafiyar hawainiya, waɗanda ke iya kama da ƙari marar illa, yawaitar MDM2 da CDK4 daga kuromosom na 12 ita ke warware shakka. Kodoma, wadda ke fitowa a gindin ƙoƙon kai ko a ƙarshen ƙashin baya, ana gane ta da furotin birakiyuri a cikin cibiyar ƙwaya, kuma da shi ake raba ta da sankarar guringuntsi, wadda kusan rabin nau'inta na tsakiyar ƙashi ke ɗauke da sauyi a IDH1 ko IDH2. Ƙarin manyan ƙwayoyi na ƙashi kuwa yana da sauyi a furotin histon mai suna H3.3, wanda ake rubutawa G34W, a fiye da kashi 90 cikin 100. Idan rinin keratin, furotin na ƙwayoyin fata da na shimfiɗar gaɓoɓin ciki, ya fito a ƙashin babban mutum, hankali ya koma neman asalin cutar a wata gaɓa.

Mataki na shida: daga saƙo zuwa magani

Ƙarin manyan ƙwayoyi shi ne misalin da ya fi fito da ma'anar wannan fanni. Manyan ƙwayoyin da suka ba shi suna marusa ne na jiki da aka kira, masu laifin su ne ƙananan ƙwayoyin da ke tsakaninsu, waɗanda ke ɗauke da G34W kuma suke ta kwararo RANKL. Denosumab garkuwa ce da aka ƙera ta kama RANKL kamar yadda OPG ke yi, kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita ga wannan ƙari a 2013, ga waɗanda tiyata ba za ta yiwu ba ko za ta nakasa su. Da an fara ta marusa ke ɓacewa, zafi ya ragu, ƙashi ya fara taurara, amma ƙananan ƙwayoyin suna nan, kuma ƙarin na iya dawowa idan aka daina. Naman da aka ɗebo bayan wannan magani yana iya kama da ostiyosakoma, don haka wajibi ne a sanar da mai duba gilashin.

A sankarar da ta bazu zuwa ƙashi, musamman ta mama, ƙwayoyin cutar na fitar da furotin mai suna PTHrP, shi kuma ya sa magina su ƙara RANKL, marusa su narkar da ƙashi, narkewar ta saki TGF-beta da IGF, furotin masu zuga girma da ke ajiye a cikinsa, su kuma su ciyar da ƙwayoyin cutar su ƙara fitar da PTHrP. Denosumab, wadda aka amince da ita ga wannan aiki a 2010, da zoledironik asid suna katse zagayen ta ɓangaren marusa, suna rage karaya da danne laka. Kafin a fara ɗayansu a kai mara lafiya wurin likitan haƙori, domin cire haƙori a tsakiyar magani na iya jawo ruɓewar ƙashin muƙamuƙi, a gyara kalsiyam da bitamin D, a kuma auna aikin ƙoda kafin zoledironik.

Ba kowace hanya ce ta ba da kai haka ba. A ostiyosakoma abin da ya lalace galibi birki ne, wato ƙwayoyin gado na TP53 da RB1 masu hana ƙwaya hayayyafa barkatai, kuma mayar da birkin da ya ɓace ya fi toshe saƙon da ya yi yawa wuya. Wannan ne ya sa yaran da suka gaji sankarar ido ta retinobilastoma, da iyalan da ke da larurar Li-Fraumeni, suka fi fuskantar haɗarinta, kuma ya sa tambayar tarihin dangi ta zama wani ɓangare na bincike. Ginshiƙin maganinta har yanzu tiyata ce tare da kemo na metotireksat, doksorubisin da sisfilatin, wanda ya ɗaga yawan masu rayuwa shekara 5 daga ƙasa da kashi 20 zuwa kimanin 60 ko 70 cikin 100 idan cutar ba ta bazu ba. Magunguna irin su regorafenib da kabozantinib, masu toshe saƙon VEGF da ke kiran sababbin jijiyoyin jini zuwa ƙari, suna jinkirta cutar da ta dawo na ɗan lokaci. A sakomar Ewing an sa rai sosai da toshe makarɓin IGF-1, amma kaɗan ne daga cikin marasa lafiya suka amfana. Ina ganin ya kamata a riƙa faɗa wa iyalai wannan a fili, cewa ganin furotin a jikin ƙari bai tabbatar da cewa rayuwar ƙarin a kansa ta rataya ba.

Mataki na bakwai: bibiya

A ostiyosakoma ana ba da kemo kafin tiyata, sannan a yayyanka ƙarin da aka cire a ƙirga yawan abin da ya mutu. Kashi 90 cikin 100 ko fiye shi ake kira amsa mai kyau, kuma yana daga cikin manuni mafi ƙarfi na abin da zai biyo baya. Duk da haka, babban gwajin ƙasa da ƙasa mai suna EURAMOS-1, wanda aka wallafa wannan sashe na sakamakonsa a 2016, ya nuna cewa ƙara magungunan kemo na ifosfamayid da etofosayid ga waɗanda amsarsu ba ta kai ba bai inganta sakamako ba, sai illa da ya ƙara.

Game da jini, alkiblar lambobi ake bi, kuma a auna su a ɗakin gwaji ɗaya da hanya ɗaya, domin iyaka na bambanta daga na'ura zuwa na'ura. ALP da ya sauka bayan magani sannan ya fara hawa dalili ne na ɗaukar hoto da wuri, amma a lura cewa tiyatar ƙashi da wasu magungunan da ke taɓa hanta na ɗaga shi, kuma a sankarar da ta bazu zuwa ƙashi yakan yi tsalle na ɗan lokaci a makonnin farko na maganin da ke aiki, saboda magina sun shiga cike ramuka. Ƙaramin tsiro a huhu kuma ba ya motsa ALP ko LDH, don haka ranakun hoton ƙirji ba a ɗaga su saboda jini ya yi kyau. Mai jinya ya tanadi littafi guda ya riƙa rubuta ranar kowane gwaji, lambar da aka samu, iyakar da aka buga a gefenta, da maganin da aka ba mara lafiya a makon, ya kuma riƙa zuwa da shi tare da hotunan farko duk ranar ganin likita.